Zaren da Baba Gado Ya Tsince Mini

Motar da ta ɗauko mu daga Kamba ta sauke ni a Birnin Kebbi da la'asar sakaliya, jaka a kafaɗa, akwatin kayan aiki a hannu. Sunana Ilyasu, mutumin Damagaram ne ni, a Yamai na koyi sana'a. Sana'ar kuwa tana da wuyar bayani. Ina tsara hanyar wayoyin da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta a cikin gini, da na kyamara da na tarho, wayoyin da wutar cikinsu ba ta isa ta kashe kiyashi ba. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni a babur zuwa unguwar Gesse ya tambaye ni aikina, na yi ta yi masa bayani har muka kusa isa. Ya ce, "Awo, kai mai gyaran wuta na." Na ce masa e, don na gaji.

Wani da kowa ke kira Injiniya ne ya kirawo ni. A waya muka san juna, a waya ya yi mini alkawarin ɗaki da abinci da aiki har sai na ce ya isa. Ɗakin da na tarar shi ne ginin da za mu gyara: tsohon gida ne ake mayar da shi ofis, an cire tagoginsa, sababbin ba su zo ba. Na shimfiɗa kwali a kusurwa. Sauron Kabi ya yi mini maraba irin wadda ba a yi mini a kan iyaka ba.

Gyaran tsohon gini ya fi sabon gini wahala, domin ba ka san abin da ke cikin bango ba sai ka fasa. Na zaga ɗaki ɗaki, na tambayi inda kowane tebur zai zauna, na zaɓi ɗan ƙaramin ɗaki a tsakiya inda duk wayoyin za su haɗu, don wannan waya ba ta son doguwar tafiya, in ta wuce mita ɗari sai ta fara ƙarya. Injiniya ya dubi zanena ya ce ɓata lokaci ne. Ai ga bututun wayar wuta nan a bango, a cusa tawa ciki su tafi tare. Na ce ba sa zama wuri ɗaya. Wayar wuta tana dagula saƙon da ke bin tawa, kuma ranar da ta yi zafi ta narke, da tawa za ta tafi. Ya ce mu mutanen Nijar akwai mu da taurin kai. Na ce gado ne. Ya bar ni na fasa bango na yi sabuwar hanya.

Ranar da mai ofis ya zo duba aiki, Injiniya ya buɗe zanena a kan mota yana nuna masa da mabuɗi, yana maimaita maganata tiryan-tiryan, har da batun narkewar. Mai ofis ya nuno ni ya ce wane ne wancan. Injiniya ya ce, "Yarona na, shina koyo." Ina tsaye da ƙurar siminti har gira ina jin su. Da aiki ya ƙare, ya ari na'urar da nake gwada waya da ita, wai zai nuna wa wani abokinsa. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba, ladan aikina ma bai biya ni ba. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na na'urar ya fi na ladan aikin ciwo, don malamina ne ya ba ni ita da hannunsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Mai gadin ginin ya ce in tattara kwalina tunda an sa tagogi. Na kwana a barandar masallaci, na kwana a tasha. In magariba ta yi sai in tuna duwatsun Birni a Damagaram, da shayin da muke dafawa a ƙofar gida, kofi na uku mai zaƙi wanda ba a gaggawarsa. In mahaifiyata ta kira in ce mata komai lafiya, aiki ya yi yawa. Komawa gida hannu rabbana ita ce abin da na fi tsoro, domin da bakina na ce wa mutane na tafi Nijeriya in yi suna.

Emeka ne ya tsame ni. Inyamuri ne mai shagon kayan wuta a cikin gari, wurinsa muke sayen bututu. Ya zo Kebbi tun yana saurayi, Hausarsa ta fi tawa kama da ta mutanen garin. Ya gan ni zaune a bencin shagonsa tun hantsi ban sayi komai ba, ya ce, "Ɗan Nijar, mi af faru? Hwaɗa min gaskiya." Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce ba ni ne farau ba a hannun mutumin nan. Ya aika aka sayo mini shinkafa da wake, ya ba ni mabuɗin ɗakin ajiyarsa a unguwar Gwadangaji, na koma kwana tsakanin naɗin waya da kwalayen ƙwan fitila. Na gyara masa kyamarar shago da ta daɗe a mace, ya riƙa nuna ni ga duk wanda ya shigo.

Wata rana ya ce in sa riga mai kyau. Wani babban mai sayayyarsa, Alhaji Garba, ɗan kasuwar shinkafa a Argungu, yana gina bene. Ƙasa shaguna, sama kuwa babban zaure inda yara za su riƙa rubuta jarabawa da kwamfuta. Emeka ya ce masa, "Alhaji, wanga yaro ni nis san shi. In ya ɓata ma aiki, ni ka kama." Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne. Ya ga irin wannan zaure a Sakkwato, wayoyi na rataye ko'ina kamar shanyar kayan wanki, yara na tuntuɓe da su.

"Ban son in ga waya ko guda. Ka iya?"

Na ce na iya, muddin aka bar ni na shimfiɗa bututuna kafin a zuba dakin, wato kankaren da ke raba ƙasa da saman bene. Wannan ne aikin farko da zan yi da sunana, ba a ƙarƙashin kowa ba. Na san in ya yi kyau na zauna a Kebbi da ƙafafuna, in ya lalace kuwa sai hanyar Kamba.

A Argungu aka haɗa ni da mai gadin ginin, Baba Gado. Tsoho ne masunci, gwiwa ta hana shi shiga ruwa, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Ambaliya ta ci gidansa a bakin gulbi, Alhaji ya ba shi ɗan ɗakin kwano a gefen fili, da shi da matarsa, ita ma tsohuwa. Magina sun gaya mini wanda ya riga shi gadin, guntayen rodi kaɗan suka ɓata, Alhaji ya sallame shi kafin azahar. Baba Gado ya raba ɗakin da tabarma, ya ba ni gefen ƙofa inda iska ke shigowa. Kullum da yamma tsohuwa ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ce ni mutumin tudu ne, ban iya ƙaya ba. Baba ya riƙa zare mini ƙayar da yatsunsa yana ajiye mini tsokar a gefen kwano, yana cewa, "Ci, ɗiyana. Ku can yashi kuka ci, shi as sa kunka bushe."

Akwai wata ɗabi'a tasa da na lura da ita. Baba ba ya wuce zare a ƙasa. Ko guntun da bai kai taƙi ba, sai ya sunkuya da gwiwar nan tasa ya ɗauka, ya karkaɗe, ya naɗe a yatsa. Ba ya yanka ƙulli da wuƙa, kwancewa yake yi komai daɗewa. Ya ce a gidansu haka aka tashe su, wanda ya wulaƙanta zare ranar da komarsa ta yage a tsakiyar ruwa zai gane kurensa. Ina yi masa dariya, ina ce masa sarkin tsince-tsince.

Kafintoci suka gama kafa katako, masu rodi suka ɗaure rodinsu, sannan aka ba ni wuri. Dakin ɗin nan shi ne rufin shaguna, shi ne kuma daɓen zauren sama, don haka a cikinsa hanyata za ta bi. Na auna inda kowane layin tebura zai zauna. Na shimfiɗa bututun roba tsakanin rodi, daga kowane layi zuwa ɗakin na'ura da ke kusurwar gabas, na nisanta su da bututun mai wuta, na lanƙwasa su a hankali a kowace kwana don waya ba ta son a karya mata wuya. Na ƙara 'yan bututu na ajiya saboda gobe. Bakin kowanne na ɗago shi daidai inda daɓe zai tsaya.

Saura abu biyu da kowane mai wannan sana'a ya sani. Ba a sa wayar kanta kafin a zuba kankare. Zare ake zurawa a cikin bututu daga baki zuwa baki, in gini ya bushe sai a ɗaura waya a ja. Sannan a toshe bakunan don kada siminti ya shiga. Na shiga kasuwar Argungu na sayi zaren koma, farin nan mai ƙarfi wanda ba ya ruɓewa. Na zura shi a kowane bututu, na dunƙule takardar buhun siminti na toshe bakunan, na ɗaure kan zaren a jikin toshiyar don kada ya zame ciki. A kwanakin nan Baba ba ya gari, ya tafi Augie jana'izar ɗan'uwansa, don haka bai ga lokacin da na yi wannan aiki ba.

An sa ranar Asabar za a zuba dakin. Ran Laraba da yamma hadari ya fara haɗuwa a gabas, Alhaji ya aiko cewa gobe za a zuba, ya riga ya gayyaci mutane. Ni kuwa akwai 'yan akwatunan roba da suka rage ban sa ba, kuma babu irinsu a Argungu. Na shiga motar ƙarshe zuwa Birnin Kebbi, na kwana a Gwadangaji, da niyyar Emeka na buɗe shago in karɓa in juyo. A hanyar dawowa motarmu ta yi faci, direba ba shi da sifiya. Sai da rana ta ɗaga sosai na iso.

Wanda bai taɓa ganin ranar zuba dakin ba, ba zai gane ba. Ba a tsayawa. Injin kwaɓa yana ruri, leburori da 'yan gayya sun yi layi a kan tsani, kwanon sarki na hawa cike yana saukowa wayam, mata na dafa abinci a gindin bishiya. In aka fara sai an kai ƙarshe, in ba haka ba dakin ya yi gaɓa ya tsage. Na tarar an zuba fiye da rabi, daga gabas aka faro, wato daga ɗakin na'ura.

Ina shirin hawa tsani Baba Gado ya kamo hannuna. Ashe ya dawo jiya bayan tafiyata. Fuskarsa cike da murna, ya ja ni bayan ɗakinsa, ya ɗaga tabarma ya ciro wani abu ya ɗora mini a hannu. Zaren koma ne, an naɗe shi damƙa damƙa, kowace an ɗaure ƙugunta, tsaf kamar a shago.

"Ga kayanka, ɗiyana. Da asuba nih hau bisa, nig ga ka mance zarenka cikin bututu, za a rufe shi da siminti. Sabon zare! Duk na kwance ma shi, ko guda ban yanke ba. Takardun da anka cusa ma duk na zubar."

Ban san lokacin da na hau tsanin ba. Inda ba a kai ga zubawa ba, bakunan bututuna a buɗe suke suna kallon sama. Na cire rigata na yayyaga, na riƙa cusa tsumma a duk wanda na samu, leburori na zagina na tare hanya. Inda aka riga aka zuba kuwa babu abin gani sai kankare mai sheƙi, an shafe shi sumul. A ƙarƙashinsa manyan bututun da ke shiga ɗakin na'ura suke, waɗanda kowace waya sai ta bi ta cikinsu. Na tsaya a kan rodi ba riga, ina kallo har aka gama.

Da na sauko Baba ya ajiye mini tuwo ya rufe da faifai. Ya tambaye ni ko zaren ya cika. Na ce ya cika, Baba.

Da dakin ya bushe na ɗauko hayar wani mai faci da injinsa na iska. Dabara ce da muke yi: a ɗaura guntun leda a kan zare, a sa a bakin bututu, a hura, ledar ta ja zaren ta fito ta wancan baki. Waɗanda na toshe da rigata suka busa ƙura, leda ta fito tana rawa. Na gabas kuwa shiru. Mai faci ya ƙara wa injin wuta har tiyo ya fizge daga hannunsa. Na zura ƙarfe, ya tafi kamu ɗaya ya ci karo da dutse. Siminti ya sauka har cikin kwana ya daskare. A fasa dakin a nemo su kuwa, babu maginin da zai yarda, don cikin rodi suke. Hanya ɗaya ta rage, a bi da waya ta kan bango da daɓe a rufe da kwanson roba, wato abin da Alhaji ya ce ba ya son gani.

Alhaji ya kira ni gidansa, da ni da shugaban magina. A zaure muka same shi. Magini ya yi rantsuwa cewa da suka hau da safe bakunan a buɗe suke, sun ɗauka haka na bar su. Gaskiya ya faɗa. Alhaji ya sallame shi ya juyo gare ni.

"Ka toshe su ko ba ka toshe ba?"

"Na toshe, ranka ya daɗe."

"To wa yab buɗe? Ina da mai gadi wurin. In wani ya hau bisa, ya kamata shi sani. In kira shi?"

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta zo har bakina. Kalma kaɗan ce, kuma gaskiya ce. Zaren yana cikin jakata a naɗe, da na fito da shi ko yaro ya san ɗaurin masunci ne. Alhaji zai gane ba sakacina ba ne, wataƙila ya bar ni in yi gyaran, Emeka ya tsira da mutuncinsa. Na kuma san abin da zai biyo baya kafin azahar: tsohuwa na naɗe tabarma, Baba na jan gwiwa, kuma babu gidan da za su koma. Na ji haushin tsohon nan a lokacin, haushi na gaske, kuma na kasa.

Na ce, "Kada a wahalar da shi, ranka ya daɗe. Wataƙila ban ɗaure su da kyau ba. Kuma ba na nan aka fara zubawa."

Alhaji ya dube ni. Sannan ya ce zai kawo wani daga Sakkwato ya ƙarasa. Ya sa aka ba ni kuɗin mota, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kira Emeka na gaya masa aikin ya ɓaci, Alhaji ya sallame ni. Ya ce, "Ilyasu, ni hwa na sa bakina." Na ce na sani, ya yafe mini. Ya ce in ajiye mabuɗin ɗakin ajiya wurin maƙwabcinsa in na kwashe kayana. Ban ga laifinsa ba.

Washegari da hantsi Baba ya dage sai ya raka ni tasha. Na ce gwiwarsa, ya ce gwiwar tasa ce. Ya riƙe mini akwatin kayan aiki har bakin mota, tsohuwa ta ƙunso mini bandar kifi a takarda. Abin da ya kai kunnensa kawai shi ne aikin baƙonsa ya lalace an kore shi, kuma ya tabbata hannun wani ne, don ya ji mai faci na cewa haka kawai bututu ba ya toshewa. Tun daga gida yake faɗa, wai mutanen yanzu ba su da tsoron Allah, a ga baƙo ya zo neman halalinsa a yi masa ƙafar ungulu.

Na shiga na zauna gefen taga. Ya dafa ƙofar motar da hannu biyu, ya kawo kunnensa mai ji kusa da bakina.

"Ɗiyana, kak ka ɓoye min. Wa yaɓ ɓata ma aiki? Hwaɗi sunanai kawai. Ni Gado, ko ɗan wa na cikin garin ga, sai na kai shi gaban Alhaji da kaina."

Direba ya tada mota. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Ba kowa, Baba. Ni ne ban iya ƙulli ba."

Ya saki ƙofar yana girgiza kai. "Kai kuwa! Muna ɗaki guda, da ka tambaye ni ai da na koya ma."